Ilu Mai Ɗanɗana Mini Abinci

Gyaɗa ta kusa kashe ni a cikin jirgin sama, ranar da aka kwaso mu daga Libiya, kuma ban ci ko ƙwaya ɗaya ba.

Sunana Haladu. An haife ni a wani ƙauye bayan Roni, inda kowane gida yake noman gyaɗa. Ni kuwa tun ina jariri jikina ba ya ɗaukarta. Ba borin jini ba ne irin wanda mutum zai yi susa ya wuce. Leɓe ne yake kumbura, harshe ya cika baki, maƙogwaro ya rufe. Ranar da aka fara ba ni kunun gyaɗa wajen yaye, an ce har an aika kiran liman.

Innata Bafulatana ce daga wajen Gwiwa. Ita ta ware mini tukunya da ludayi da kwano, tana yi mini miya da man shanu. Mutanen gari suka ce sangarta ni take yi. Wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wani kawuna ya taɓa daka ƙuli-ƙuli ya zuba mini a dambu don ya nuna wa kowa iyayi ne kawai. Shi ya goya ni a babur zuwa asibitin Kazaure yana kuka. Da muka dawo Inna ta zaunar da ni. Ta ce duniya ba za ta daina cin gyaɗa saboda ni ba, ita ma ba za ta dawwama ba, bakina nawa ne, ni zan tsare shi. Ban yi makaranta ba. Wannan ne karatun da na riƙe.

Da Inna ta rasu, ba mai ware tukunya. In kaka ta yi aka fara cirar gyaɗa, ko tsakar gida ba ta zaunuwa gare ni. Na sayar da tumakin da ta bar mini, na bi ta Babura na tsallaka iyaka.

A tashar Damagaram na haɗu da Ilu. Ina zaune ina jiran motar Agadas, wani siririn mutum mai wushirya ya zauna kusa da ni, ya kwance leda, ya tura mini kilishi. Na ce na gode. Ya ƙara turowa. Na matsa. Ya ce shi mutumin Kanya Babba ne, kuma a garinsu in an ce maka bismilla ka ƙi, to ko dai ka raina mutum ko kana zargin maye ne. Na gaya masa dalili a taƙaice, na ce tunkuzar da aka shafe naman da ita ta ishe ni barin duniya. Ya dube ni, ya dubi kilishin.

"Ɗan Roni, ba ka cin gyaɗa? To me ka zo yi duniya?"

Ya yi ta dariya. Amma ya ƙulle ledar, ya tashi ya je famfo ya wanke hannu da baki, sannan ya dawo ya zauna. Ba wanda ya taɓa yi mini haka in ba Inna ba.

Ilu ba ya shiru. Kafin mu isa Agadas na san sunan uwarsa, Iya, da sunan jakinsu da ya mutu, da yarinyar da ta ƙi shi saboda ba shi da babur. Ni ban gaya masa komai ba. Ya ce haka ya fi, baki biyu ba sa tafiya a mota ɗaya.

A Agadas ɗan kamasho ya karɓi sefarmu ya ce motar sabuwa ce. Da muka gan ta, tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, an kakkafa sanduna a gefe don mutum ya rungume kada ya faɗo. Guzurin kowa iri ɗaya ne: garin kwaki, ƙuli, kilishi. Abin da ba ya lalacewa a rana ke nan. Ni dabino na saya da gari da sukari.

Bayan mun wuce Dirku motar ta mutu. Direba ya ce gyara kaɗan ne. Muka yi kwanaki a gindinta. Dabinona ya ƙare, garina ya ƙare, abin da ya rage a hannun mutane ƙuli ne. Har ruwa ya zama mini abin tsoro, don bakin jarka ɗaya kowa yake kafa wa baki. Ilu ya ɗauki ƙulinsa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana musaya da dabino. Inda aka ƙi, sai ya zauna ya yi wa mutum surutu har ya gaji ya ba shi. Kafin ya miƙo mini sai ya goge hannunsa da rairayi mai zafi, ya zuba dabinon a hulata. In za a sha ruwa, shi yake karɓar jarka ya ce in ɗaga kai, ya tsiyaya mini daga sama. Wani ya ce ana ɓarnar ruwa a kan mai tsirfa. Ilu ya ce a cire daga rabonsa.

Mun binne mutum biyu a wurin kafin wata mota ta zo. Ba zan yi maganarsu ba.

A Sabha muka fara leburanci, daga baya muka gangara Tarabulus. Siminti, bulo, yashi. Abin da ban zata ba, a Libiya na fi cin abinci hankali kwance fiye da gida, don su da man zaitun da man masara suke girki. Duk da haka Ilu ya naɗa wa kansa aiki. Duk inda muka shiga cin abinci, sai ya wuce har wajen tukunya da guntun Larabcinsa, ya ce a nuna masa mai, ya buɗe ya shinshina. In an kawo kwano, shi zai fara ɗiba. Ya juya lomar a baki, ya ɗaga ido sama kamar mai duban wata, sannan ya ce:

"Babu. Bismilla, yallaɓai."

Yallaɓai yake kirana, wai sarakuna kaɗai ake ɗanɗana wa abinci. In da nama a kwanon, sai ya ce bai tabbatar ba, sai ya ƙara. Wata rana ya cinye mini rabin kaza yana bincike. Na san harshen mutum ba ya kama komai da komai. Shi ma ya sani. Amma in ya ce babu, sai abincin ya wuce mini.

Sau ɗaya abin ya kuɓuce mana. An tura Ilu wani gini daban, yunwa ta kai ni rumfar wasu 'yan Sudan. Na ga tumatir da albasa an yanka, ban san suna kwaɓa shi da tunkuza ba. Na farka a wani ƙaramin asibiti. Likitan tsoho ne, Bamisire. Ya nuna mini wata allura mai kama da alƙalami mai kauri, ya ce in abin ya taso a cire murfi a daka ta a cinya, ko ta kan wando ne, kada a jira. Ilu ya sayar da wayarsa ya saya mini ita. Likitan ya ba shi wata wadda ba komai a ciki ya koya masa, shi kuma ya yi ta gwaji a kan buhun siminti yana ce wa buhun ya yi haƙuri.

Ilu ya samo fata ya ɗinke allurar a ciki kamar guru, na ɗaura a ƙugu. Shekaru tana jikina.

Aikinmu na ƙarshe wani gida ne mai hawa uku. Da muka gama, mai gidan ya ce mu dawo ranar Alhamis mu karɓi haƙƙinmu. Muka dawo, muka tarar da masu bindiga suna jiranmu. Aka kai mu wani tsohon sito da ake tsare baƙi. An ƙwace takalma, an ƙwace bel, an ƙwace komai. Mai caje ya taɓa gurun, wani ɗan Nijar ya ce masa asiri ne, wanda ya kwance shi hannunsa zai shanye. Ya janye hannu.

Abincin wurin makaroni ne da ruwan zafi, faranti ɗaya mutum da yawa. Ilu bai fasa ɗanɗanawa ba, ko da yake babu abin da za a ɗanɗana. Bakinsa ne ya jawo masa. Wani mai gadi ya taka farantinmu da gangan, Ilu ya ce masa wani abu da Larabci, mutane suka yi dariya. Masu gadin suka fitar da shi. Da aka dawo da shi ba ya iya miƙewa. Daga ranar fitsarinsa ya koma jini, ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta yi fari. Surutun ya ragu. Abin da ya rage masa maganar Iya ce. Ya ce shi ba ya roƙon Allah ya warke, ya dai kai shi ƙofar ɗakinta.

Sai wata ƙungiya mai mayar da mutane gida ta zo ta rubuta sunayenmu. Aka ce jirgi zai kai mu Kano, amma sai likita ta duba kowa. Magana ta bazu a sito cewa duk wanda aka samu da ciwo za a cire shi sai jirgi na gaba, jirgi na gaba kuwa ba wanda ya san ranarsa. Masu tari suka fara koyon haɗiye tari. Ilu ba ya iya tsayuwa sai ya dafa ni. Muka shirya zan tsaya a bayansa a layi kamar muna hira, kafaɗata tana riƙe da shi.

Saura maganar allura. A filin jirgi akwai na'urar da take ganin cikin kaya, guru ba zai wuce ba. Ko in jefar da ita, ko in faɗi ciwona.

Ilu ya ce in jefar. Tafiyar ba ta kai wuni ba, in rufe bakina har Kano, shi ke nan. In na yi magana aka cire ni, shi ba mai riƙe shi, za a gane, a cire shi, ya mutu a sito. Ban taɓa jin ya roƙe ni wani abu ba sai ranar. Ya tuna mini dabino, ya tuna mini waya. Sai ya ji kunya ya juya fuska.

Na daɗe ina juya abin. Na ce masa zan faɗa.

"Kanka kawai ka sani," in ji shi.

"In na faɗi a sama, wa zai sauko da kai ƙasa?"

Ya daina yi mini magana. Amma da aka kira layi, kafaɗata ya dafa, don ba shi da wata.

Likitar mace ce, Baturiya, da tafinta wani mutumin Maraɗi. Da aka zo kaina na kwance gurun na ajiye a kan tebur, na ce a farke. Na faɗi ciwona. Ta ɗauki allurar ta ɗaga ta a haske, ta karanta jikinta, ta girgiza kai. Tafinta ya ce wannan ta daɗe da mutuwa, zafi ya dafa ta, ruwan cikin har ya sauya launi, ko an daka mini ita ba abin da za ta yi. Na tuna shekarun da na yi ina taɓa ta ina jin ƙarfin zuciya.

Ta tashi ta buɗe wani akwati ta kawo sabuwa. Ta ɗaura mini wani jan abu a wuyan hannu, ta ce za a gaya wa ma'aikatan jirgi. Ba ta cire ni ba. Sannan ta dubi Ilu. Ta dubi ƙafafunsa, ta danna ɗaya da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta tambaya wa zai kula da shi a hanya. Na ce ni. Ta tambaya wa yake jiransa a gida. Tafinta bai gama juyawa ba Ilu ya ce uwarsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta sa hannu a takarda, ta ce a zaunar da mu wuri ɗaya.

Da muka fito Ilu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, wai ashe ruwan banza ya sayar da wayarsa a kai. Daga nan na san ya huce.

Ban taɓa shiga jirgi ba. Sanyi ne a ciki kamar ɗakin ajiye gawa. Ilu yana jikin taga, ni a tsakiya. Da jirgin ya tashi sama mutane suka yi ta salati. Ni abin da nake kallo hannuwa ne.

Ma'aikaciyar da take ɓangarenmu doguwa ce, ba ta jin Hausa. Ta zo ta dubi jan abin hannuna ta gyaɗa kai. Da aka fara rabon wasu 'yan ƙananan ledoji, ta tsallake layinmu da na gabanmu da na bayanmu. Soyayyiyar gyaɗa ce mai gishiri. Mutanen da suka yi watanni a kan makaroni da ruwa suka far mata. Ƙanshinta ya cika jirgin. Ina jin ana tauna, ana lashe yatsu. Wani a bayanmu ya fara mita, wai saboda mutum ɗaya an hana su rabonsu. Na sa hannuwana a tsakanin cinyoyina, ban taɓa komai ba.

Wani daga can baya ya jefo wa Ilu leda ɗaya. Ilu ya fi kowa son gyaɗa a duniya. Tun Damagaram bai ci ta a gabana ba. Ya riƙe ledar a rufe, ya kai hanci, ya lumshe ido. Sannan ya miƙa wa mai mitar ta saman kujera, ya ce shi ta gonar Iya zai ci.

Aka kawo abinci a rufe, shinkafa da kaza, tana tururi. Akwai rubutu a murfin, ni ban iya karatu ba, Ilu ma haka. Ma'aikaciyar ta yi mini alama da hannu cewa ba komai. Wataƙila gaskiyarta. Amma ba ita ta dafa ba. Ilu ya buɗe nawa, ya ɗiba da cokali, ya juya a baki, ya ɗaga ido sama. Ya daɗe. Sai ya ajiye cokalin.

"Yau ban sani ba, yallaɓai. Komai ƙarfe-ƙarfe nake ji."

Ya faɗe ta kamar mai neman gafara. Na ce ba komai, ba na jin yunwa. Ƙarya ce, cikina har ciwo yake yi. Na rufe abincin na miƙa baya. Na ɗauki lemo ɗaya da aka haɗo da shi, na ɓare da hannuna, na ba Ilu rabi. Na sha ruwan da ni na buɗe murfinsa. Na ce a raina na tsare bakina, saura a sauka.

Can matuƙin jirgi ya yi magana. Wani mai jin Turanci ya miƙe ya ce mun kusa shiga ƙasarmu. Jirgin ya rikice. Maza manya suna kuka. Akwai wani dattijo mutumin wajen 'Yankwashi, mun zauna sito tare, ɗansa ya rasu a can. Ya taso yana bin layi yana ba kowa hannu, yana cewa barka, barka, mun ga gida. Ya iso kaina ya miƙo hannu biyu, idonsa cike da hawaye. Dattijo ne. Na ba shi nawa biyu. Na gaba suka juyo, na baya suka miƙo, har mai mitar. Na gaisa da kowa. Sai dattijon ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga waɗanda muka baro a rairayi da waɗanda muka baro a sito. Aka karanta Fatiha. Aka shafa.

Na shafa tun daga goshi har gemu, kamar yadda nake yi tun ina yaro. Leɓena a tsage yake saboda sanyi, na lasa. Na ji gishiri.

Nan take na sani. Na dubi tafin hannuna, yana ƙyalli da maiƙo.

Ya fara da ƙaiƙayi a leɓe, sai harshe ya yi nauyi. Na so in kira Ilu, muryar ta fito kamar ta ɗan akuya. Na zaro allurar daga aljihu na cire murfi, amma idona ya fara rufewa, na kasa saita ta. Numfashi ya koma kamar ana jansa ta cikin karan dawa. Sai na ji hannun Ilu a kan nawa. Hannun ba ƙarfi, mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa da kyau. Ya kwanto da jikinsa duka a kai, muka danna ta tare a cinyata. Ya riƙe bai saki ba. Bakinsa yana kunnena.

"Ba ka isa ka riga ni ba, ɗan Roni. Ni ne marar lafiya. Bi layi."

Ya yi ta faɗa mini maganganu, wasu zagi ne, wasu addu'a. Ma'aikaciyar ta zo da gudu, aka kwantar da ni a hanya aka ɗaga ƙafafuna, aka kifa mini abin shaƙar iska. Zuciyata ta riƙa bugu kamar ana daka. Sai iska ta sami 'yar hanya. Sai ta ƙaru. Abin da na fara gani da idona ya buɗe ƙafafun Ilu ne, kumburarru, ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da kaina, an yi an yi ya koma ya ƙi.

Da muka sauka Kano motar asibiti tana jira. Na riƙe rigar Ilu, ban saki ba sai da aka sa mu tare. Kafin a rufe ƙofa dattijon nan ya iso. Mutane sun kewaye, wasu suna cewa laifin jirgi ne da ya raba gyaɗa, wasu suna cewa laifin tsohon ne. Shi kuwa sai cewa yake in yafe masa, ya kusa kashe ɗan mutane da hannunsa. Harshena bai gama saɓewa ba, amma na yi ƙoƙari.

"Baba, hannu ka ba ni. Ni na san ciwona, kai ba ka sani ba. Fuskar ma tawa ce."

Ya sa hannu zai dafa kaina, sai ya tuna, ya mayar da shi ƙirjinsa.

Ni kwana kaɗan na yi aka sallame ni. Ilu ya daɗe. Daga ƙarshe likita ya kira ni gefe ya ce ƙodojinsa sun lalace, abin da za a yi masa ya fi ƙarfinmu, kuma shi kansa kullum maganarsa a kai shi gida. Na ɗauke shi a motar Babura, kansa a kafaɗata. Daga bakin titi aka goya shi a babur, ni a baya ina riƙe da shi, har ƙofar gidansu a Kanya Babba.

Iya 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai wushirya irin tasa. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskarsa ta ce ya rame, ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta. Ya ce mata ga yallaɓai, sarkin da yake yi wa aiki.

Na zauna da su. Ina kwana a zaure, ina sayen abincina a waje, burodi da dafaffen ƙwai da abin da zan ɓare da kaina. Ban so in ɗora wa tsohuwa wahala. Ilu ya kai kaka. Ranar da aka ciro gyaɗar farko daga gonar Iya, ta dafa masa ɗanya da gishiri. Na koma bakin zaure na zauna nesa. Ina hango shi yana ɓarewa a hankali. Ya ci 'yan ƙwayoyi, ya ɗago ɗaya ya nuna mini, ya ce wannan kam akwai, kada yallaɓai ya matso. Na tambaye shi ko yana jin ɗanɗanonta. Ya ce a'a, amma ya san yadda take.

Bai daɗe ba bayan nan.

A zaman makoki mutane suka yi ta zuwa daga Babura da ƙauyuka. Duk wanda ya miƙo hannu sai in sa nawa a ƙirji in sunkuya. In an shafa addu'a, nawa hannun yana tsayawa nesa da fuska. Na ji wani yana tambaya wane ne wannan mai girman kan. Maƙwabta suna ta aiko da abinci, kwano bayan kwano, duk da man gyaɗa. Ban ci ba. Ba na ma jin zan iya.

Ranar sadakar uku da la'asar aka ce Iya tana kirana. Na shiga na durƙusa daga nesa. A gabanta akwai sabuwar tukunya, ko baƙin wuta bai gama kama ta ba, da sabon kwano da sabon ludayi. Tuwon gero ne da miyar kuka. Na ji ƙanshin man shanu, irin na Inna. Ta ce tun kafin ya kwanta sosai Ilu ya sa aka sayo su a kasuwar Babura, ya kuma koya mata yadda ake yi, ya sa ta maimaita har sai da ta iya.

Ta wanke hannu. Ta gutsuri tuwon ta taɓa miya ta sa a baki. Ta juya shi, ta ɗaga ido sama kamar mai duban wata.

"Babu," ta ce. "Bismilla, yallaɓai."

Ban yi kuka a rairayi ba, ban yi a sito ba, ban yi a maƙabarta ba. A gaban kwanon nan na yi. Sannan na cinye shi tas.

Yanzu ina Kazaure, ina buga bulo a wani fili kusa da dam. Allura tana aljihuna, kuma duk bayan lokaci ina kai ta kemis a karanta mini ko tana da rai. Ina gaisawa da hannu a ƙirji, masu jin haushi sun gaji sun daina. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci nakan hau mota zuwa Kanya Babba. Tukunyata tana can a rataye a ɗakin Iya, ba mai taɓa ta.